MAI BARCI YANA DA LAIFI?

Yau tambaya nake ɗauke da ita, ina so kowace uwa ta amsa tsakaninta da Allah: shin ya dace a hukunta mutum a kan abin da ya aikata alhali yana barci? Na san kowa za ta ce a'a. To me ya sa da asubar fari a gidajenmu ake jin ƙarar bulala da ihun yaro, in an tambaya a ce wai fitsarin kwance ya yi?

Mu da muke zaune a Kakuri da Makera da Nasarawa mun san irin gidajenmu. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957 ma'aikata suka cika unguwannin nan, aka yi ta gina gidajen haya, ɗaki a jikin ɗaki. Masaƙar ta rufe a 2002, amma gidajen suna nan: tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, banɗaki ɗaya can ƙurya cikin duhu. Duk wadda ta fito da katifa rana, kafin hantsi kowa ya sani. Don haka ban raina wahalar uwa ba, ga wanki, ga tsadar sabulu, ga zarni, ga habaicin maƙwabta. Sai dai 'yar uwa ki tambayi zuciyarki, dukan nan na gyara ne, ko kuwa kunyar da kika ji ce kike saukewa a bayan yaron?

Malamanmu sun karantar da mu cewa mutum uku ba a rubuta musu zunubi, wato mai barci, da yaron da bai balaga ba, da wanda hankalinsa ya gushe. Yaro mai fitsarin kwance ya haɗa biyu daga cikin ukun, ga ƙuruciya ga barci. Wanda Ubangiji bai kama da laifi ba, ke wace ce da za ki kafa masa kotu kullum safiya? Ki tuna baƙauyen nan da ya yi fitsari a masallacin Madina, babba ne kuma idonsa biyu, amma Manzon Allah (S.A.W) ya hana a taɓa shi, ya sa aka kwarara ruwa a wurin, sannan ya yi masa nasiha a hankali.

Likitoci ma ba sa ɗaukar abin a matsayin lalura sai yaro ya kai shekara 5. A wannan shekarun, cikin yara 100 kusan 15 suna yi. A shekara 10 sun ragu zuwa kamar 5. A shekara 15 bai wuce 1 ko 2 ba, kuma ya fi yawa ga maza. Dalili kuwa, akwai wani sinadari da jiki yake fitarwa da dare don ƙoda ta rage tara fitsari, wani yaron nasa bai kankama ba tukuna. Wani mafitsararsa ba ta ɗaukar da yawa, wani kuma nauyin barci ne, mafitsara tana kira ƙwaƙwalwa ba ta ji. Sannan ana gadonsa: in ɗaya daga cikin iyaye ya yi, cikin 'ya'ya 10 kusan 4 za su yi, in duka biyun ne, sun haura 7. To kin ji fa! Kafin maigida ya zaro belet, a je a tambayi Hajiya yadda ya yi nasa yarintar.

Abin da ya fi duka ciwo shi ne tozarci. A ɗora wa yarinya jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, a tara yara suna binta da waƙar amalala, wai don ta ji kunya ta daina. Wallahi kunya ba ta shiga cikin barci ta tashi mutum. Fitsarin zai wuce da kansa, sunan ne ba ya wucewa. Zai bi ta Islamiyya, ya bi ta makarantar kwana, wata ma har ranar da aka zo neman aurenta sai an sami mai tonawa. Kuma mu faɗi gaskiya komai ɗacinta, in ɗanmu ne ya yi sai mu shanya zanen a cikin ɗaki, in 'yar riƙo ce ko ɗan kishiya sai mu baza katifa a tsakar gida. Wannan ba tarbiyya ba ce, zalunci ne, kuma akwai hisabi.

Wata za ta ce, to Anti sai mu zuba ido ke nan? A'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a ce a karya ba. Ki ba shi ruwa sosai da rana, ki rage da dare, ban da shayi da lemon kwalba bayan magariba. Ya yi fitsari kafin ya kwanta. Ki ajiye masa fo da tocila kusa da shimfiɗa, domin yaron da ke tsoron duhun tsakar gida ba zai fita ba ko ya farka. Ki sa leda a ƙarƙashin zanen gado. In ya kai shekara 7 ya kama miki wanki, ku biyu, ba tare da gori ba. Ki lura da bayan gidansa, don taurin ciki yana danne mafitsara. Ranar da ya tashi a bushe ki sa masa albarka.

Akwai kuma lokacin da asibiti ya zama dole, ga na Gwamna Awan nan da St. Gerard a Kakuri. In yaro ya yi wata 6 bai yi ba sannan ya dawo yi, ko yana kuka da zafin fitsari, ko kin ga jini irin na tsargiya, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa kamar mai ciwon suga, ko yana minshari mai ƙarfi, kar ki tsaya jiƙe-jiƙe. Mai sikila kuwa ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa, shi ya sa da yawansu suke yi, kuma haɗari ne babba a hana shi shan ruwa. Wani lokacin ma damuwa ce, an yi masa ƙani, ko an saki uwarsa, ko wani yana cutar da shi a ɓoye ya kasa faɗa. Yaron da kike duka kullum, ta yaya zai buɗe baki ya gaya miki?

Mu tuna watarana tsufa zai zo, wasunmu sai an ɗaga su an canza musu shimfiɗa, kuma hannun yaran nan ne zai yi. Abin da ka shuka shi za ka girba. Allah Ya ba mu haƙurin riƙon amanar da Ya damƙa mana, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya, amin.