Shin hoto na gaskiya yana iya yin ƙarya?

A hutun da ya wuce na tafi gida Bande, kakata ta kira ni ɗaki, ta kwance wani ƙullin tsumma ta ɗora mini azurfa guda a tafin hannu. Liyari ne, irin mai kan mace a gefe ɗaya da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen. Ta ce, “Ungo, ɗan nan, ka saida ka cika kuɗin lakwal. Ajiyar da ba ta yi ranar yau ba, ba ajiya ba ce.” Wani abokina ya haɗa ni da wani mai sayen tsofaffin kuɗi a Kano. Mutumin bai ja zance ba, ya ce in turo mishi hoto ta WhatsApp, gaba da baya, ya ga lafiyar abin sannan ya yi farashi.

A nan gizo ke saƙar. A bakin liyarin akwai tabo, wurin da maƙerin farfaru ya taɓa liƙa mishi kunne don a rataya a wuya, daga baya aka cire. In na juya shi wajen hasken hantsi, na ɗan karkata waya, tabon ba ya fita ko kaɗan. Abokina ya ce, “Kai, mine ne abin tunani? Gaba da baya ya ce, ba gefe ba. Ka goge shi da toka ya yi walƙiya, ka ɗauka ka tura. Ai ba ka yi mishi ƙarya ba.” Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni barci, ita ce kuma na kawo muku mu tauna tare.

Bari in fara da abin da na gano game da kuɗin kansa. Sarauniyar da ke jikinsa ita ce Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗori, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Da fatake suka kawo shi ta hamada, ya zama kuɗin manyan ciniki daga Borno har ƙasar Hausa. Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canza guda ɗaya da wuri 2,500 a Kano a 1851. Abin mamaki, duk wanda aka buga bayan rasuwar sarauniyar, ko a Biyana, ko a Landan, ko a Paris, ko a Bombai, 1780 ce a rubuce a jikinsa, har waɗanda aka buga a ƙarni na 20. Wato lambar da ke jiki ba ita ce shekarar bugu ba. Amma ba wanda ya kira wannan ha’inci, don mai bayarwa da mai karɓa duk sun san 1780 alama ce, ba ranar haihuwa ba.

Kun ga abu na farko ke nan: rubutu na iya saɓa wa gaskiya ba tare da an cuci kowa ba. To, akasin haka fa? Abu na iya zama gaskiya tsantsa amma a cuci mutum da shi?

Mu ƴan sashen nazarin harshe mun san amsar daga aji. Paul Grice, a wata maƙala ta 1975, ya nuna cewa mai sauraro ba ya tsayawa kan kalmomin da aka furta kawai, yana ɗauka ne mai magana ya ba shi duk abin da ya dace ya sani. In ka tambayi baba ko akuyar da zai saida maka lafiyarta lau, ya ce “tana cin abinci sosai”, alhali ya san gurguwa ce, bai furta ƙarya ba, amma ya dasa ta a zuciyarka. Bahaushe ya raba su tun tuni: akwai ƙarya, akwai yaudara, akwai algus. Ƙarya a baki take. Yaudara kuwa tana iya shigowa ta shiru, ta hanyar abin da aka zaɓa a nuna da abin da aka zaɓa a rufe. Hoto ma magana ce. Wanda ya zaɓi haske da kusurwa, shi ya tsara jimlar.

Masu tara tsofaffin kuɗi sun san wannan sarai. A Amurka suna aiki da ma’aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70: 1 shi ne wanda ya siɗe har da ƙyar ake gane shi, 70 wanda ba shi da ko ƙwarzane. Kamfanonin da ke ba da wannan maki, irin PCGS da aka kafa a 1986, sai an aika musu kuɗin sun riƙe a hannu, sun jujjuya shi ƙarƙashin fitila. Hoto ba ya nuna nauyi, ba ya jin ƙarar azurfa in an kaɗa ta, yana kuma haɗiye ƙananan ƙarce-ƙarce. Su kuma a wurinsu, kuɗin da aka goge ko aka taɓa liƙa wa kunne darajarsa ta faɗi. Ashe tokar abokina da ta ƙara ɓata abin ne. Fataken da ma haka suke: sukan duba ƴan duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniyar, in sun siɗe su ƙi karɓa ko su rage.

Sai dai kada in yi wa abokina rashin adalci, yana da hujja. Ya ce a kasuwar Magariya kowace mai tumatir manya take ɗorawa a sama, kowa kuma ya sani. Ya ce mai sayen nan ya fi ni sanin abin sau ɗari, in liyarin na da wata daraja ta ɓoye, ai ba zai faɗa mini ba. Don me talaka ne kullum zai tona aibin kayansa, mai kuɗi kuwa ya yi gum da bakinsa?

Hujjar farko ina da amsarta. A kasuwa mai saye na da hannu. Yana iya tona kashin tumatir, ya buɗe bakin rago ya ƙirga haƙora. Ado a sama wasa ne da duka biyun suka san dokarsa, kamar 1780. A hoto kuwa an yanke wa mai saye hannu, ya ara idona ne yana kallo. Wanda aka ari idonsa an ba shi amana, ko ya so ko bai so ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun halatta saida abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma da sharaɗin ya zo daidai da yadda aka siffanta, in ya saɓa mai saye na da zaɓi. Hoton waya shi ne siffantawar zamaninmu.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ban ture ta gaba ɗaya ba. Gaskiya ne amanar hanya biyu gare ta, masani ma bai kamata ya ci jahilcin mai saidawa ba. Amma zaton da nake yi cewa wani zai cuce ni bai zama lasisin in riga shi ba. In kowa ya bi wannan lissafi, gobe ba mai yarda da hoton kowa, kuma mu na ƙauye, da ba mu da kuɗin motar kai kaya Kano, mu za mu fi kowa asara.

Na tura hoto uku, na ukun tabon ne ƙuru-ƙuru. Mutumin ya rage farashi sosai, ya ce yanzu kusan kuɗin azurfar kawai zai biya. Kuɗin bai cika abin da nake nema ba, sai da na ci bashin sauran. Da na faɗa wa kaka, ta yi shiru, can ta ce, “Wannan tabon da ya rage ma kuɗi dominsa, ai da shi uwata ta rataya shi ranar da aka kai ta ɗaki.”

Ku da kuke saida waya, da takalmi, da atamfa ta hoto kullum, kafin ku danna turawa ku tambayi kanku: in mai sayen nan ya riƙe kayan a hannunsa gobe, zai gane su?