Wa Ke Biyan Kuɗin Hoton Mujiya?

Kusan dukkanmu mun taɓa cin karo da irin hoton nan a waya: daji ya yi fari fat da dusar ƙanƙara, wata ƙatuwar mujiya ta buɗe fikafikai tana saukowa, idanunta rawaya sun kafe mai kallo. Mukan ce tubarkalla, mu danna alamar so, mu wuce. A wajenmu mujiya tsuntsuwa ce da ake kora da jifa, amma a Kanada da arewacin Amurka mutane kan yi doguwar tafiya don su gan ta sau ɗaya. Tambayarmu ita ce, wanda ya shiga daji da kyamara kawai, bai riƙe bindiga ba, shin bai ɗauki komai ba?

Mu fara da yadda ake shiga dajin. A lokacin hunturu dusar kan yi tudu, har mutum ya nutse zuwa gwiwa ko ƙugu. Mutanen asali na yankin, irin su Kiri da Ojibwe, sun daɗe da samun mafita. Sukan lanƙwasa itace, su saƙa shi da igiyar fata, ya zama kamar faffaɗar rariya, su ɗaura a ƙarƙashin ƙafa. Nauyin jiki sai ya bazu, mutum ya taka saman dusar bai nutse ba. Su farauta ce ke kai su, kuma mafarauci ya san rai ya je ɗauka. A yau ana ƙera takalmin da gorar ruwa da roba, masu sa shi kuwa da yawa nishaɗi da hoto ne ke kai su. Shiru suke tafiya, babu ƙarar inji, babu jini, don haka yana da sauƙi su ɗauka ba su taɓa kowa ba.

Sai dai hunturu lokacin lissafi ne a wurin dabba. Barewar can kan taru a ƙarƙashin itatuwa masu duhuwa, tana rayuwa da kitsen da ta tara kafin sanyi. Duk gudun da ta yi saboda tsoro, daga wannan ajiya ake cirewa. Akwai wani tsuntsu dangin fakara da ke kutsawa cikin dusar ya kwana, domin can ciki ya fi waje ɗumi. Wanda ya tashe shi don ya ɗauke shi yana tashi sama ya samu hoto, tsuntsun kuma ya rasa makwancinsa cikin tsananin sanyi.

Lamarin mujiya ya fi haka nauyi. Babbar mujiya mai ruwan toka tana iya jin motsin ɓera a ƙarƙashin dusa mai kaurin da ya kai santimita 60, ta faɗa ta cafko shi. Idan ɓeraye suka yi ƙaranci a dazuzzukan Kanada, sai mujiyoyin su gangaro kudu neman abinci, kamar yadda suka cika arewacin jihar Minisota a hunturun 2004 zuwa 2005. Wato lokacin da suka fi sauƙin gani shi ne lokacin da suke cikin neman abin kaiwa baki. Wasu masu hoto kan sayo ɓera mai rai, su jefa a kan dusar, mujiya ta sauko daidai gaban kyamara. Mai yin haka zai ce ai ciyar da ita ya yi. Amma mujiyar da ta koyi cewa mutum da motarsa na zuwa da abinci za ta riƙa kusantar hanya, kuma motoci na kashe su da yawa. Shi ya sa gasar hoton namun daji ta gidan tarihin halittu na Landan ta haramta amfani da dabba mai rai a matsayin tarko.

Ba muna cewa a daina shiga daji ba ne. Mutum ba ya kare abin da bai taɓa gani ba, kuma yawancinmu ta hoto kaɗai muka san akwai irin wannan duniya. Abin da muke cewa shi ne kallo ma yana da farashi, kuma adalci ne mai son hoton ya biya da kansa. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mai hoto na gari yakan tsaya nesa, ya jira sa'o'i yatsunsa na daskarewa. Idan dabba ta bar kiwo ta zuba masa ido, ya san ya matso da yawa, sai ya ja baya. Sau da yawa yakan koma gida hannu rabbana. Wancan mai jefa ɓera kuwa ya ci zomon, ya bar wa mujiya gudun.

Mu ma da ke riƙe da waya muna da hannu a ciki. Hoton da ya fi kusa, ya fi ban mamaki, shi muka fi yaɗawa, kuma abin da kasuwa ke so shi ake kawo mata. Idan muka sake ganin mujiya ta nufo kyamara da faratanta a buɗe, kafin mu danna, yana da kyau mu tambayi kanmu me ta hango a ƙasa da ya sa ta sauko.