Ɗakin da babu shi a taswira

A garuruwan bakin iyaka irin su Lafani ta ƙasar Illela, akan samu gidan da za a ce maka kakansu ɗan mazan jiya ne, ya yi sojan Bature, har ya je yaƙin Bama. Jikokin yanzu, masu waya a hannu, sukan so ƙarin bayani: a wane bariki ya zauna, a wane layi, wane ɗaki? In mutum ya yi tattaki har can, aka rasa tabbas, ya halatta a nuna masa wani tsohon gini a ce "nan ne", don dai hankalinsa ya kwanta?

Ni ina ganin bai halatta ba, ko da yake na san daɗin da ke cikin wannan ƙarya.

Mu duba yadda aka tsara barikin tun asali. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda ta ci Sakkwato a filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, ba ta damu da inda kurtu yake kwana ba. Gidajen hafsoshi Turawa an gina su da ƙarfi, wasu na nan har yau. Sojoji kuwa layi-layi aka jera su, galibi a ɗakunan ƙasa da jinka, da matansu da 'ya'yansu, da magajiya mai kula da sha'anin matan. In an yi wa mutum canji daga Sakkwato zuwa Zariya ko Kaduna, kafin tabarmarsa ta huce wani ya shiga. Abin da takarda ta riƙe shi ne lamba da muƙami. Sunan ma sau da yawa na babban gari ake liƙa masa, har mutumin ƙauyen Illela ya koma wane Sakkwato, cikin ɗaruruwan masu wannan suna.

Ko bayan mutuwa haka ne. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba. Wanda aka bar kabarinsa ba suna, ɗakinsa za a rubuta?

A aikinmu na rubuta manhaja akwai ƙa'idar da ake koya wa ɗalibi da wuri: gurbin da ba ka da bayaninsa, bar shi fanko. Gurbi fanko yana gaya wa na baya cewa a ci gaba da nema. Wanda aka cike da ƙirƙira kuwa ya rufe ƙofar bincike, ya kuma haifi wasu kurakuran. Yau ka ɗauki hoton ginin ka sa a Facebook, gobe ɗan'uwanka ya tura, bayan shekara goma ya zama tarihin gida. Mafi muni, ka wanke Bature daga laifinsa, domin ka nuna kamar ya ajiye lissafin da bai ajiye ba.

Wani zai ce, ai ba bulo ake nema ba, wurin tsayawa a yi addu'a ake so. Gaskiya ne, kuma addu'a ba ta buƙatar lambar ɗaki. Wani kuma zai ce me za a nema a makwancin wanda ya ɗauki bindigar mai mulkin mallaka? Wannan ya fi nauyi. Amma wasu yunwa ta kai su, wasu hakimi ne ya ba da su don cika adadin da aka yanka masa, kuma ba ka iya yi wa mutum hukunci alhali ko inda ya kwana ba ka sani ba.

Abin da ake iya samu ba kaɗan ba ne. Lambar da ke takardar sallama kan kai ka ga bataliya, bataliya ta kai ka ga gari da shekara, sai a nufi gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Daga nan kuma sai tsofaffin matan da aka haifa a layin, waɗanda har yanzu suke tuna wajen da rijiya take da inda kuka ta tsaya.