Hutu a Tsibirin Teku: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

Wata muhawara ta shigo majalisunmu na Herwagana a 'yan shekarun nan, kuma ga alama ba ta da niyyar fita. Duk lokacin da hoton wani ango da amaryarsa ya zagaya wayoyi, suna tsaye kan farin yashi a Maldives ko Zanzibar, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce almubazzaranci ne tsagwaronsa, a wannan marra da buhun masara ke gagarar magidanci. Wasu kuma su ce hassada ce ke cin masu magana, mutum da guminsa ai sai yadda ya ga dama. Mu dai muna ganin kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani, shi ya sa ya kamata a zauna a auna maganar da kyau.

Mu fara da abin da ake saye. Maldives ƙasa ce ta Musulmi a Tekun Indiya, tsibiranta sun haura 1,100, kuma a 1972 aka buɗe masaukin baƙi na farko a can. Tsarinsu shi ne tsibiri guda, otel guda. Daga Gombe sai ka je Abuja ko Kano ko Legas, ka hau jirgi zuwa wata ƙasar ka canja, ka sauka Male babban birninsu, sannan kwalekwale mai inji ko ƙaramin jirgin da ke sauka kan ruwa ya kai ka tsibirin. Da ka isa, shi ke nan, babu kasuwa, babu mai shayi, babu maƙwabci. Ruwan sha ma farashin da otel ya yanka shi za ka biya, don babu wani wurin zuwa.

A ɗauka ɗaki dala 500 ne a kwana, kuma akwai waɗanda suka ninka haka. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Ke nan a canjin 2024 kwana guda Naira 750,000 ne, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne. Barcin dare ɗaya ya cinye albashin wata goma na ƙaramin ma'aikaci, ba a zo maganar tikiti ba. Kwana biyar kuwa jarin shago ne sukutum a Tudun Hatsi.

Akwai wani tarihi da ya kamata mu sani game da tsibiran nan. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda daga jam'insa muka sami kalmar kuɗi, daga Maldives ake kwaso shi. Ibn Batuta, wanda ya yi alƙalanci a can wajen 1343, ya ga yadda ake tara shi, daga baya kuma ya tarar ana kashe shi a ƙasar Mali. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canja dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani nau'in wuri daga Zanzibar, har ya yi yawa darajarsa ta zube. Wato a da tsibiran nan su ke aiko mana da kuɗi, yau kuma mu ke kai musu namu.

To, shin laifi ne? A nan dole mu yi wa masu tafiyar adalci. Hutu ba haramun ba ne, kuma jiki yana da haƙƙi a kan mai shi. Mu nan ba mu ɗauki hutu a bakin komai ba: ɗan kasuwa zai shekara talatin bai rufe shago mako guda ba sai dai in ciwo ya kayar da shi. Ga kuma gidajenmu na gado, inda miji da mata za su tara 'ya'ya shida ba su taɓa samun yini guda su kaɗai ba. Wanda ya ɗauki matarsa ya kai ta inda babu girki, babu wanki, babu sallamar baƙi, alheri ya yi mata. Sannan kallon teku da halittun cikinsa yana sa bawa ya ƙara sanin girman Ubangijinsa. Mai halin da ya fitar da zakkarsa, ya sauke nauyin iyalinsa, ba shi da bashin kowa, ba mu da hurumin ƙirga masa lomarsa. Yawancin surutun da ake yi masa, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, da ɗan zafin rai a ciki.

Amma fa mu nawa ne a wannan matsayin? Tambayar farko da mutum zai yi wa kansa ita ce, kuɗin nan na waye. Ba duk abin da ke aljihunka ne naka ba. Akwai kuɗin makarantar yara, akwai maganin Inna, akwai wanda ya ba ka kaya bashi yana jiran ciko, akwai ƙanwar da aurenta ya mutu ta dawo gida da goyo. Malamanmu sun sha faɗa cewa almubazzaranci ya danganta da halin mutum. Abin da Alhaji mai tireloli zai kashe bai ji a jikinsa ba, shi ne zai karya matashin da ke juya miliyan uku. Wanda ya taɓa uwar kuɗi ko ya ci bashi don kwana biyar a tsibiri ya sayi mako guda da shekara biyu. In ba ka da gashin wance, kada ka yi kitson wance.

Tambaya ta biyu ta fi wuya: don wa ake tafiyar? Ga wani ma'auni mai sauƙi. Da za a ce ka je amma ba hoto, ba wanda zai san ka je, za ka biya kuɗin? In amsar e ce, to hutu kake nema. In kuwa zuciya ta yi sanyi, to ba tekun kake so ba, idon mutane kake so. Shi kuwa idon mutane ba ya ƙoshi. Wata guda ake yi ana zancenka, sai wani ya je inda ya fi naka.

Nan ne maganar ta daina zama ta mutum ɗaya ta zama ta unguwa. Mun ga yadda al'adu ke shigowa. Lefe da akwati biyu ya fara, yau ana ƙirga sha biyu. Dina da hoton kafin aure duk masu hali ne suka soma, yanzu ɗan acaɓa ma sai ya yi ko a raina shi. In fita waje bayan biki ta zama ma'aunin soyayya, samarinmu da ke fama da sadaki da kuɗin haya za su ƙara ja da baya, 'yan matanmu kuma su ƙara daɗewa a gida. Mai kuɗi yana da 'yancin tafiya, amma ba shi da 'yancin mayar da tafiyarsa bulalar dukan talaka. Ya je ya dawo shiru, ya fi masa lada kuma ya fi masa tsari.

Tambaya ta uku ita ce, me za ka dawo da shi? Mu jikokin matafiya ne. Da yawa daga iyayenmu fatauci da neman ilimi ne suka kawo su Gombe bayan garin ya dawo mazauninsa na yanzu a 1919, kuma a wurinsu tafiya mabuɗin ilimi ce domin ana cuɗanya da mutane. Tsibirin otel kuwa an gina shi ne don kada ka haɗu da kowa. Ana sayar da giya a can, alhali an hana ta a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune. Masu yi maka hidima da yawansu baƙi ne daga Bangladesh da Indiya da suka baro iyalansu. Sharar da ake tarawa kuma akwai tsibirin da aka ware mata tun 1992, sunansa Thilafushi, wanda ba ya fitowa a hoto. Mafi yawan ƙasar ba ta kai mita ɗaya a saman teku ba, har shugabansu na wancan lokacin Mohamed Nasheed ya yi taron ministoci a ƙarƙashin ruwa a 2009 don duniya ta san suna fuskantar nutsewa. Mutum zai iya zuwa ya dawo bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Saboda haka wanda ya ƙudurta sai ya ga teku, gara ya zaɓi inda akwai jama'a. A Zanzibar zai yi salla a masallatan tsohon garin, ya ga inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, ya shiga gonakin kanumfari, ya ji kalmomin Larabci a bakin Swahili irin waɗanda ke cikin Hausarmu. A Maldives ɗin ma akwai ƙananan masaukai a tsibiran 'yan ƙasa, kamar Maafushi, masu sauƙin kuɗi, inda zai ji kiran salla ya ci abincin gari.

Ga sauranmu kuwa, abin da ake nema a tsibiri, wato natsuwa da keɓewa da iyali, yana kusa. Yankari na nan a hanyar Bauchi, da ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana. Ga madatsar ruwa ta Dadin Kowa, ga tsaunukan Tula, ga sanyin Mambila ga mai ƙarfin tafiya. Ba su kai otel ɗin tsibiri ƙawa ba, wannan gaskiya ne, amma kuɗin da aka kashe a can yana shiga aljihun direba da mai abinci na gida, kuma mutum zai dawo jarinsa na nan.

Matsayinmu ke nan. Ga mai yalwa da ya sauke haƙƙoƙi, ya tafi don hutu ba don a gani ba, Allah ya kai shi lafiya, mu kuma mu kama bakinmu. Ga wanda sai ya taɓa jari ko ya ci bashi, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Iyaye kuma, don Allah kada mu bari wannan ya shiga jerin abubuwan da ake tambayar mai neman aure. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke da shi.