Fatawa: Sallar Ɗan Kasuwa a Hanyar Shinkafi

Tambaya: Ni mai sayar da hatsi ne a Zurmi, ina cin kasuwar Shinkafi duk Alhamis. In mun taso, direba ba ya tsayawa ko an yi magiya, don kada dare ya yi mana a daji. Sau da yawa La'asar sai bayan Magariba nake ramawa. Zuciyata na ce mini na fifita ciniki a kan Ubangijina. Mene ne hukuncina?

Amsa: Bismillahi, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Ɗan'uwa, Allah Ya tsare hanya. Tsoron ɓarayin daji tsakanin Shinkafi, Kaura Namoda da Zurmi uzuri ne na gaskiya, kuma ban ga laifin direban ba. Amma fitar da salla daga lokacinta da gangan bai halatta ba, tunda shari'a ta ba ka mafita.

A mazhabar Imamu Malik, matafiyin ƙasa yana haɗa Azahar da La'asar ko da tafiyarsa ba ta kai ta kasaru ba, wato mil 48. Haka Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar. In rana ta goce kana tasha, kuma ka san ba za ka sauka ba sai bayan faɗuwarta, sallaci Azahar ka bi ta da La'asar nan take, sannan ka hau. In kana sa ran isa gida kafin rana ta yi fatsi-fatsi, yi Azahar kaɗai, La'asar ta jira ka a Zurmi.

In kuwa lokaci zai fita kana cikin mota, sauka kuma akwai hatsari, yi sallarka a zaune da ishara, ko ba ka fuskanci alƙibla ba. Aya ta 239 ta Suratul Baƙara ta yi wa mai tsoro wannan rangwame. In ka samu aminci da sauran lokaci, ana so ka sake. Saboda haka hau mota da alwala, ka kuma riƙe ɗan dutse a jaka don taimama.

Saura abin da ba ka tambaya ba. Da yawan abokan sana'arka ba a daji Azahar ke kufce musu ba, a bakin buhu ne: ladan na kira, tiya na hannu, dillali na cewa "a sallama mana, Alhaji", sai a ce bari a gama wannan awon, daga nan yaron mota ya fara kiran fasinja. Mai saye ba uzuri ba ne. Wanda ya san ƙarfe nawa mota ke tashi ya san ƙarfe nawa zai ɗaure bakin buhu. Ku fasinjoji ku shirya da direba tun da safe cewa ba a tashi sai an yi salla. Raka'a takwas ba za su cinye muku hasken rana ba.

Sallolin da ka riga ka rama sun sauka daga wuyanka. Nemi gafara a kan jinkirin, wadda kuma ka san ba ka rama ba, rama ta yau. Wallahu a'alamu.