In Ba Shi Ba, Sai Wa?

Tun daga ranar da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, wadda ke zama a zauren Lugard Hall, ta halatta kaɗa ƙuri'a da na'ura, har aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da ita ran 12 ga Mayu, 2018, aka maimaita ran 4 ga Satumba, 2021, sa'an nan aka sake waiwayar dokar a 2024 aka koma ga takarda da tawada, mutanen garin Kaduna ba su gushe ba suna muhawara a kan wanne ya fi tsare ƙuri'a daga maguɗi. Amma akwai wata mas'ala da ta fi wannan zurfi, ko da yake ba ta kai ta shahara ba, ita ce irin tambayar da ake yi wa mai zaɓe in ya shiga rumfa. Da na'urar da takardar duk tambaya guda suke yi masa, kuma suna guda suke karɓa daga gare shi. Abin da ya saura a zuciyarsa game da ragowar 'yan takara, na yarda ne ko na tsoro, da shi yake komawa gida.

A waɗansu ƙasashe an ƙara faɗaɗa tambayar. Mai zaɓe yakan jera 'yan takara bisa yadda suka kwanta masa a rai, wane na farko, wane na biyu, wane na uku. In an ƙirga na farkon ba wanda ya wuce rabi, sai a fitar da na ƙarshe, a duba takardun mutanensa a ga wa suka sa na biyu, a mayar masa da ƙuri'un, a yi ta haka har wani ya haye rabi. Ostareliya da wannan take zaɓen majalisar wakilanta tun 1918. A Amurka birnin San Faransisko ya soma a 2004, jihar Maine ta karɓa a 2016, birnin New York ya yi zaɓen fid da gwani da shi a 2021, alhali majalisun Florida da Tennessee sun haramta shi a 2022, har ga garuruwan da suka so shi don kansu.

Mu ƙaddara mutum ɗari ne za su zaɓi kansila a Kawo ko Unguwar Shanu, 'yan takara uku, ɗaya ya sami 38, ɗaya 33, ɗaya 29. A dokarmu ta yanzu mai 38 ya ci, ko da sauran 62 ɗin sun haɗu a kan cewa shi ne wanda ba su so a kan kome. Kowa ya san haka, shi ya sa ana gobe zaɓe za ka ji dattijo a majalisar ƙofar gida yana cewa, wane mutumin kirki ne, amma ba zai kai labari ba, kada in ɓata ƙuri'ata. Wannan magana, da muka saba ji har ta daina damunmu, ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Domin malamanmu da yawa sun karantar da cewa ƙuri'a shaida ce, mai dangwala yatsa yana shaidawa ne cewa wannan bawan Allah ya cancanci a danƙa masa amanar jama'a. To, in kuwa shaida ce, yaya matsayin tsarin da ke tilasta wa mai shaida ya ɓoye sunan wanda ya yi imani da cancantarsa, ya ambaci wani dabam, ba don ya yarda da shi ba sai don tsoron na uku? Malaman fiƙihu sun yi rangwame ga wanda ya ɗauki mafi sauƙin cutarwa biyu in ba shi da mafita, kuma ba na zargin talakan da ya yi haka. Amma rangwamen lalura bai zama dalilin a bar lalurar tana nan ba, matuƙar akwai hanyar gusar da ita. Wanda aka ba damar jerawa zai sa mutumin kirkin nan a farko ba tare da fargaba ba, ya sa mai dama-dama a na biyu, ya fita daga rumfa harshensa da zuciyarsa ba su saɓa ba.

Kuma tambayar nan ta in ba shi ba, sai wa, ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Sa'ad da aka soki Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, a shekara ta 23 bayan hijira, ya bar al'amarin a hannun mutum shida: Usman, da Ali, da Abdurrahman ɗan Aufu, da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da Zubairu, da Ɗalha. Abdurrahman ya janye kansa don ya zama mai tantancewa, ya kwana yana zaga Madina yana jin ra'ayin mutane. Kuma Ɗabari ya ruwaito cewa ya keɓe da Ali ya tambaye shi wanda yake gani ya fi cancanta in ba shi aka ba ba, ya ambaci Usman, ya keɓe da Usman ya yi masa irin tambayar, ya ambaci Ali. Ban kawo wannan don in ce takardar zaɓen Ostareliya sunna ce ba, domin hanyar ƙirga ƙuri'a tana cikin babin maslaha, wanda shari'a ta bar wa hankali da zamani. Na kawo shi ne don a ga cewa mutumin da ya fi kowa sanin nauyin ranar bai wadatu da jin wanda kowa ke so ba, sai da ya nemi sanin wanda kowa zai iya haƙura da shi. Mawardi ma, a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya kawo maganar malamai a kan halaccin naɗa wanda aka fi, alhali ga wanda ya fi shi, in zukatan jama'a sun fi natsuwa da shi.

Ko masu tsara kundin mulkinmu na 1979 sun hangi wannan, da suka shar'anta cewa gwamna ba ya ci da yawan ƙuri'a kaɗai, sai ya sami rubu'i a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jiharsa. Sun nemi yarda mai faɗi ta hanyar auna ƙasa; jerawa tana nemanta ta hanyar auna zukata.

Ba garin da ya fi Kaduna bukatar yin tunani a kan haka. Tun bayan fitinar 2000 da ta 2002 Kogin Kaduna ya zama iyaka, Musulmi suka tattaro arewacinsa, Kirista suka gangara kudancinsa, har bakin mutane ya saba da kiran wannan gefe Makka, wancan Kudus. Ɗan takara ya san gidajen da ba za su taɓa sa shi a farko ba, saboda haka ba ya ɓata takalminsa zuwa can, kuma in ya ci ba ya jin suna binsa bashin kome. Amma in akwai matsayi na biyu da za a roƙa, kuma sau da yawa shi ne zai raba gardama, to dole ya yi sallama a ƙofar da bai saba ba, ya ce ku zaɓi naku, amma in ba shi ba ku tuna da ni. Kuma mai shirin faɗin haka gobe zai kiyaye harshensa yau a kan mumbarin siyasa. Da irin wannan fata ƙasar Papua New Guinea, inda ƙuri'a ke bin dangi har mutum ya ci kujera da ɗan kason da bai taka kara ya karya ba, ta koma ga jera mutum uku a babban zaɓenta na 2007.

Lalle akwai hujjoji a wancan ɓangaren, kuma ba na raina su. Tsohuwar da ke neman alamar jam'iyyarta da ƙyar, in aka ce ta jera uku, ana tsoron takardu su lalace da yawa. Masanin nan Kenneth Arrow ya tabbatar tun 1951 cewa babu wata hanyar jerawa da ta kuɓuta daga kowane aibi. Majalisar jiha kuma ba ta da ikon yin dokar da ta saɓa wa ta tarayya a kan hanyar zaɓe. Mafi nauyi duka, wannan tsari yana bukatar a tattara sakamako wuri guda kafin a san wanda ya ci, alhali wurin tattarawa shi ne inda mutanenmu suka fi zargin ana juya ƙuri'a, shi ya sa suke cewa a kasa, a tsare, a raka.

A zaɓen na'ura na 2021 jam'iyyar gwamnan lokacin, Nasir El-Rufai, ta sha kaye a akwatin da shi kansa ya yi zaɓe a Unguwar Sarki, kuma aka bayyana sakamakon yadda yake. Amma a zaɓen takarda na 19 ga Oktoba, 2024, hukumar zaɓen jiha ta bayyana cewa jam'iyya mai mulki ta cinye shugabanni 23 da kansiloli 255 duka, 'yan hamayya suka ƙi amincewa. Muddin jama'a suna shakkar an ƙirga zaɓinsu na farko, ba wanda zai saurari mai yi musu bayanin na biyu. Saboda haka ba daga Lugard Hall nake ganin ya kamata a faro ba. A faro daga inda masu zaɓe suka san juna, kuma ake ƙirgawa a gaban idonsu: ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na Badarawa da Malali da Unguwar Dosa, da zaɓen fid da gwani na kansiloli a mazaɓu 12 na Kaduna ta Arewa, inda ɗauki-ɗora ya fi yi mana ɓarna. In mutane suka ga da idonsu yadda ake fitar da na ƙarshe a mayar da ƙuri'unsa ga wanda masu su suka ambata, su da kansu za su kai maganar gaban wakilansu.