Darasi na 9: A Gaya wa Yaro Asalinsa

Abin karatu: Farawa 16:1-16, Fitowa 2:1-11, Esta 2:5-11. Ayar haddacewa: Afisawa 4:25.

Gabatarwa

A garuruwanmu na arewacin Yobe, daga Nguru zuwa Gashuwa, har Kumagannam can cikin rairayin ƙasar Yusufari kusa da iyakar Nijar, da wuya a zaga unguwa ba a tarar da yaron da ke hannun wanda bai haife shi ba. Akwai ɗan fari wanda aka kai wa kaka bayan yaye, ya tashi yana ce da ita Inna, yana kiran mahaifiyarsa Yaya. Akwai ɗan riƙo wanda ƙane ya ba wansa da ba ya haihuwa. Akwai agola wanda ya biyo uwarsa gidan sabon miji. Akwai kuma marayu masu yawa waɗanda rikicin Boko Haram ya bari tun daga 2009, daga Damaturu da Potiskum da Buni Yadi da sauran wurare, dangi da masu bi suka ɗauke su.

Kowane ɗaya cikin yaran nan wata rana zai yi tambaya, ko da baki ko cikin zuciya: wane ne ya haife ni? Darasin yau yana koya mana cewa yaro yana da hakkin jin gaskiyar asalinsa, tun yana ƙarami, daga bakin waɗanda suka rene shi.

1. Sabuwar hanya da littattafanta

A shekarar 1978 aka haifi yarinya ta fari a Ingila wadda likitoci suka haɗa ƙwan uwarta da irin ubanta a waje, kāna suka dasa cikin mahaifa. A 1998 aka haifi wata ta wannan hanya a Abuja. Daga nan aikin ya yi rassa. Idan miji ba shi da iri, a kan karɓi na wani. Idan mata ba ta da ƙwai, a kan karɓi na wata. Idan kuwa mahaifarta ba ta riƙe ciki, a kan nemi wata mace ta ɗauki cikin dominta, watau aron mahaifa. Yau ma'aurata daga ƙasarmu su kan tafi Abuja ko Legas neman haihuwa ta waɗannan hanyoyi.

Masu addini ba su yi shiru a kan wannan ba. A 1986 malaman fiƙihu na Musulunci suka taru a Amman, suka yarda da dashe tsakanin miji da matarsa kaɗai, suka hana shigowar mutum na uku. A 1987 Ikilisiyar Katolika ta fitar da takarda ta ƙi aron mahaifa da karɓar irin wani. Sauran ikilisiyoyi ra'ayinsu ya bambanta. Domin wannan, ma'auratan da ke tunanin bin hanyar nan su zauna da fasto da dattawa tukuna, su yi addu'a. Amma yaron da an riga an haifa, shi bai zaɓi hanyar zuwansa ba. Allah ne ya yi shi, kuma yana jiran amsa.

Da fari likitocin Turai su kan shawarci iyaye su rufe bakinsu har abada. Da yaran suka girma, da yawa suka gane ta bakin dangi ko ta gwajin jini, suka ce abin da ya fi yi musu zafi shi ne ruɗin da aka yi musu shekara da shekaru. Sai waɗansu iyaye a Ingila suka kafa ƙungiya a 1993, suna buga ƙananan littattafai masu hotuna domin a karanta wa yaro tun yana kan cinya. Labarinsu gajere ne: Baba da Mama sun so ɗa ƙwarai, ba su samu ba, wani ya taimake su, sai ga ka. Ƙasar ta kuma sake dokarta, har wanda aka samu cikinsa da irin wani daga Afrilu 2005 yana da ikon sanin sunan mutumin idan ya kai shekara 18. Na farinsu suka kai a 2023.

Ba dukan abin da ke cikin irin littattafan nan ya dace da koyarwar ikilisiya a kan aure ba. Mai saye ya karanta da kansa kafin ya miƙa wa yaro. Amma abu ɗaya da suka tsaya a kai, watau faɗa wa yaro gaskiya, Littafi Mai Tsarki ya riga su da daɗewa.

2. Hajaratu, wadda Allah ya kira da sunanta

Ibrahim ya yi shekara goma a ƙasar Kan'ana, Saratu ba ta haihu ba. Sai ta ba shi baiwarta Hajaratu, Bamasariya, domin ta sami 'ya'ya ta wurinta. Wannan kusan aron mahaifa ne irin na zamanin dā. Ba wanda ya tambayi Hajaratu ko ta yarda. Da ciki ya samu, reni ya shigo, wulakanci ya biyo baya, har ta gudu jeji.

Mu lura da abu guda a cikin sura ta 16. Saratu da Ibrahim, sa'anda su ke magana a kanta, baiwa su ke ce da ita, ba su ambaci sunanta ba. Mala'ikan Ubangiji ne ya same ta a bakin maɓuɓɓuga ya kira ta Hajaratu. Mutane sun ɗauke ta tamkar tukunyar aro, Allah kuwa ya gan ta mutum ce, ya ji kukanta, ya raɗa wa ɗanta suna. Wannan gargaɗi ne ga duk mai kuɗin da zai nemi 'yar talaka ta ɗaukar masa ciki. Ita ma Allah yana ganinta.

Haka kuma Rahila ta ba Yakubu baiwarta Bilha, Lai'atu ta ba shi Zilfa. Matan gida ne suka raɗa wa yaran suna, suka lasafta su nasu. Duk da haka, a Farawa 35:23-26, inda aka jera 'ya'yan Yakubu goma sha biyu, an sa kowane ɗa ƙarƙashin sunan wadda ta haife shi: Dan da Naftali na Bilha, Gad da Ashiru na Zilfa. Dukansu kabilun Isra'ila ne, ba a rage wa kowa gādo ba, ba a kuwa share sunan uwar kowa ba. A Matta sura ta 1 ma, cikin asalin Ubangijinmu Yesu, an ambaci Tamar da Rahab da Rut da matar Uriya, waɗanda mai jin kunya zai so ya tsallake. Idan Allah bai ɓoye asalin Ɗansa ba, don me mu ke ɓoye na 'ya'yanmu?

3. Musa da Esta sun san ko su wane ne

'Yar Fir'auna ta tsinci Musa a bakin kogi, ya zama ɗanta, ya koyi dukan ilimin Masar. Amma mahaifiyarsa ce ta shayar da shi. Sa'anda ya kai shekara 40 ya fita ya duba 'yan'uwansa Ibraniyawa, gama ya san jininsa. Da an ɓoye masa, da ya tsaya a gefen masu bulala yana kallon 'yan'uwansa kamar baƙi.

Esta marainiya ce. Mordekai, ɗan ɗan'uwan ubanta, ya ɗauke ta ta zama 'yarsa. Da aka kai ta fada ya umurce ta kada ta faɗi kabilarta. Wani zai ce, ashe ga izinin ɓoyewa. Amma mu duba da kyau: mutanen fada aka ɓoye wa, Esta kanta ta san ubanta Abihayil, ta san jama'arta. Da ranar wahala ta zo, sanin nan ne ya sa ta tsaya gaban sarki ta ceci Yahudawa.

Daga nan mu ke koyon bambanci tsakanin sirri da ruɗi. Ba wajibi ba ne a shelanta labarin yaro a kasuwar Nguru ko a taron zumuntar mata. Labarin nasa ne, shi zai zaɓi wanda zai gaya wa idan ya girma. Amma shi mai labarin, kada a rufe masa.

4. Dalilin ɓoyewa da abin da ya ke haifarwa

Iyaye ba don mugunta su ke ɓoyewa ba. Macen da aka yi shekara goma ana kiranta juya, kamar yadda Feninna ta riƙa tsokanar Hannatu, tana tsoron gori ya komo. Namiji yana jin kunyar a san rashin daga wajensa ya ke. Mariƙi yana tsoron yaro ya juya masa baya, gama ya sha jin ana cewa tsintacciyar mage ba ta mage. Ikilisiya tana da laifi a nan, wurin da ta bar bakunan mutane suna sukar marasa haihuwa. A 2014 aka kama mutane da dama a Yamai, har da matan manya, bisa zargin cikin ƙarya da karɓo jarirai daga Nijeriya ta hanyar Benin, a 2017 kuma kotu ta hukunta da yawansu. Dubi inda tsoron gori ya ke kai mutum.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar ta kan fito ranar faɗa da 'yan uba, ko ranar neman aure sa'anda dangin yarinya su ke binciken asali, ko ranar rabon gādo bayan mariƙin ya rasu, ba mai ba da amsa. Yau kuma akwai gwajin jini. Ikilisiyoyi da yawa su kan nemi a yi gwajin sikila kafin ɗaurin aure, likita kuma ya kan tambayi ciwon da ke cikin dangi. Wanda bai san asalinsa ba zai ba da amsar da ba daidai ba. Yana yiwuwa ma ya nemi auren 'yar'uwarsa bai sani ba. Saboda irin wannan hatsari ne a Ingila aka ƙayyade kada irin mutum ɗaya ya wuce gida 10.

Yaron da ya ji asalinsa ta hanyar zagi ya kan yi hasara biyu rana ɗaya: ya rasa abin da ya sani game da kansa, ya kuma rasa amincewa da waɗanda ya fi ƙauna. Ta biyun ta fi wuyar warkewa.

5. Yadda za a faɗa

Na ɗaya, a fara tun yaro yana shekara uku ko huɗu, domin ya tashi da labarin kamar yadda ya tashi da sunansa.

Na biyu, a ba shi daidai ƙarfinsa. Ba a ba jariri tuwo. Ko babu littafi mai hotuna da Hausa a hannu, akwai misali a tsakar gida. Kowane yaro a ƙasar Bade da Manga ya ga yadda a ke sa wa kaza ƙwan zabo. Ita ta ke kwanci, ita ta ke ƙyanƙyashewa, ita ta ke tare musu shirwa. 'Ya'yan nata ne, zanensu kuwa na zabo ne, kuma ba abin kunya a ciki. Mutanen kwarin Yusufari kuma sun san ɗan dabino da a ke cirewa daga gindin uwarsa a dasa a wata gona. Mai ban ruwa shi ke da itacen, amma irin daga uwar ya fito.

Na uku, a fara da ƙauna: mun roƙi Allah, ya ba mu kai. Bayan haka a faɗi sauran.

Na huɗu, kada a zagi wanda ya haife shi, ko da ya yi laifi, gama yaro zai ji kamar jininsa a ke zagi. Idan iyayensa sun mutu cikin rikici, a gaya masa sunayensu da garinsu, a nuna masa danginsa.

Na biyar, a sami ƙaramin littafin rubutu, a sa ranar haihuwarsa, da ranar da ya zo gidan, da sunayen da aka sani, da hoto idan akwai. Wannan shi ne littafin da ya fi kowane na kanti amfani. Idan ba dangi ba ne, a bi ta ofishin kula da jin daɗin jama'a da kotu domin a sami takarda, a kuma rubuta wasiyya saboda gādonsa.

Wanda ya riga ya makara, kada ya ce lokaci ya wuce. Ya kira fasto ko wani dattijo amintacce su zauna tare, ya faɗa, ya roƙi gafara saboda jinkiri, ya kuma yi haƙuri da fushin da zai biyo baya.

6. Mu ma haka aka ɗauke mu

Yusufu bai haifi Yesu ba, amma ya raɗa masa suna, ya gudu da shi Masar, ya rene shi a gidan sassaƙa. A Luka 2:48-51 Maryamu ta kira Yusufu ubansa, Yesu kuwa, yana ɗan shekara 12, ya yi zancen Ubansa na sama, sa'an nan ya bi su Nazarat yana yi musu biyayya. Sanin asalinsa bai rage ladabinsa ga mariƙinsa ba.

Manzo Bulus ya koya a Romawa 8:15 da Galatiyawa 4:4-7 cewa Allah ya ɗauke mu ya maishe mu 'ya'ya da magāda ta wurin Kristi. A Afisawa 2:11-13 kuma ya ce mu riƙa tuna dā baƙi ne mu, nesa mu ke. Ubanmu bai ɓoye mana inda ya same mu ba, tunawar nan ce ma ta ke ƙara mana ƙaunarsa. Saboda haka kada a ji kalmar shege ko ɗan tsintuwa a bakin mai bi, gama dukanmu a bakin hanya aka tsince mu.

Tambayoyi

1. Me ya sa mala'ika ya kira Hajaratu da sunanta? Me wannan ke koya mana game da mace mai ɗaukar ciki domin wata?
2. Mene ne bambancin abin da Mordekai ya umurci Esta da ɓoye wa yaro asalinsa?
3. Waɗanne maganganu a ke yi a taronmu da ke sa marasa haihuwa tsoro?
4. Idan ɗan riƙo ya nemi ya ga danginsa, me ya kamata mariƙi ya yi?

Addu'a

Ya Ubangiji, mai ganin Hajaratu cikin jeji, Uban marayu, ka dubi gidajen da ke jiran haihuwa, ka ta'azantar da su. Ka ba mariƙa ƙarfin zuciya su faɗi gaskiya cikin ƙauna. Ka tsare bakunanmu daga gori. Ka sa kowane yaro a cikinmu ya san inda ya fito, ya kuma san an so shi. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.